Neman shawara a kan sarewar da zan saya domin ƙungiyar unguwarmu

Anti Nas, Lids: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena da ƙannena na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan sarewar Turawa, wato rikoda, domin na san a cikinmu akwai waɗanda suka daɗe suna busa ta. Ƙungiyar da ke haɗuwa a ɗakin taron laburaren unguwarmu ranar Asabar da rana ta karɓe ni, kuma tsofaffin kaɗe-kaɗen Turai na ƙarni na 16 da na 17 ne suka fi busawa. Abin da ke hannuna sofrano ce ta roba, wato ƙaramar mai siririyar murya, wadda 'yata ta bari tun tana firamare. Jagorar ƙungiyar ta ce masu sofrano sun yi musu yawa, in nemi alto ko teno, waɗanda suka fi ta girma da kaurin murya. Wacce ya kamata in saya, ta roba ko ta katako, kuma da wane kiɗa zan fara gwaji a gida kafin in iya tafiya tare da su?

Likita, Bamingam: Wa'alaikumus salam, Anti. Ki sayi alto ta roba, ta Yamaha ko ta Aulos, mai tsarin yatsu (wato yadda ake rufe ramuka a fitar da kowane sauti) wanda ake kira na Barok. Ba za ta kai fam 50 ba, kuma za ta yi miki shekaru.

Injiniya, Manchesta: Anti, kafin ki taɓa aljihunki ki saurari abin da ya same ni, domin ba na so ya maimaitu a kan wani ɗan zauren nan. Lokacin da na shiga ƙungiyarmu ta nan, ni ma teno aka ce in nema. Na ga wata ta katako a wani shafin sayar da tsofaffin kaya, tana kwance cikin akwatinta mai koriyar shimfiɗa, mai ita kuma ya rubuta cewa ta mahaifinsa ce, an adana ta da kyau, ba ta da wani aibu. Na tambaye shi tsarin yatsunta, ya amsa mini cewa irin wanda kowa ke amfani da shi ne. Da ta iso na busa ta ni kaɗai a ɗaki, na ji muryarta mai taushi, na yi ta murna.

Ranar da na kai ta cikin mutane ne asirinta ya tonu. Muna cikin wani kiɗan rawa mai murya huɗu, wato layuka huɗu daban da ake busawa tare, duk inda sautin F ya zo (da haruffa A zuwa G ake kiran sautukan) sai in ga dattijuwar da ke zaune kusa da ni ta ɗan karkata kai, ba ta ce komai ba. Da aka tashi shan shayi jagoranmu ya karɓi sarewar, bai ma kai ta baki ba, ya dubi ramukan kawai, ya ɗora yatsa a kan na huɗu da na biyar daga sama. Ya nuna mini cewa a tawa ramin na biyar ƙarami ne, na huɗu ya fi shi faɗi, wato tsarin Jamus ke nan, alhali a tsarin Barok na huɗu ne ƙarami, na biyar ya fi girma. Ni kuwa jadawalin yatsun Barok nake bi, shi ya sa F ɗina yake faɗowa ƙasa da na kowa. Na koma na koyi nata tsarin, F ya gyaru, amma F shaf, wato sautin da ke sama da F da rabin mataki, ya ƙi zama daidai, musamman a sama, kuma kiɗan wancan zamanin cike yake da shi.

Ba a nan ta tsaya ba. Da aka auna ta da manhajar auna sauti aka tarar duk sarewar tana ƙasa kaɗan da A 440, wato ma'aunin tsayin sauti da kowa ke kai. Wadda ta yi sama ana iya zare kanta kaɗan daga jiki a saukar da ita, amma wadda ta yi ƙasa babu yadda za a ɗaga ta sai dai a ƙara ƙarfin iska, nan kuwa murya ta lalace. Daga baya, da sanyi ya shigo muka kunna na'urar ɗumama gida, sai wata siririyar tsaga ta bayyana a kanta, daga taga, wato kafar da ke kan sarewar inda iska ke tsagewa, zuwa mahaɗar kai da jiki. Mai gyaran da na kai wa ya duba da madubin ƙara girma, ya ce tsagar tsohuwa ce, an cike ta da kakin goge katako don kada ta fito a hoto, kuma kuɗin gyaran zai fi darajar sarewar. Na rubuta wa wanda ya sayar mini, har yau shiru. Abin da ya fi ci mini rai ba kuɗin ba ne, watannin da na yi ina zargin kunnena ne, har na kusa barin ƙungiyar saboda kunyar ɓata wa mutane kiɗa. Shawarata ita ce kada ki sayi tsohuwar sarewar katako wadda ba ki busa ba, kuma wani masani bai duba miki ba.

Anti Nas, Lids: Subhanallahi. Allah Ya mayar maka da alheri, Yaya. Yanzu na ɗauko ta 'yata na duba, ramin na biyar ne ƙarami, kuma akwai harafin G a bayanta.

Malama, Jos: Ta Jamus ce ke nan, Anti. Ina koyar da yara wannan sarewa a makarantarmu, kuma mafi yawan waɗanda iyaye ke sayowa daga kasuwa irin ta ce, domin ita ta fi cika shaguna. Kamfanoni da yawa suna buga harafi a baya, kusa da ramin babban yatsa. G yana nufin tsarin Jamus, B yana nufin Barok, wasu kuma E suke sawa domin ana kiran tsarin Barok da na Ingila. Wani Bajamushe mai suna Peter Harlan ne ya fito da tsarin Jamus a shekarun 1920, kuma sauƙinsa guda ɗaya ne, wato ana samun F ta hanyar ɗaga yatsu bi da bi. A tsarin Barok sai an ɗaga yatsan tsakiya na hannun dama, an bar biyun da ke ƙarƙashinsa a rufe. Yara 'yan shekara bakwai suna kama wannan cikin ɗan lokaci, saboda haka kada ya tsorata ki. Game da roba kuwa, ni shaida ce. Hunturun Jos bai taɓa tsaga mini ko ɗaya ba, kuma idan sun yi datti ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke kwanuka ya ishe su.

Baba, Landan: 'Yata, kowa ya amsa miki maganar roba da katako, amma ba a tsaya a kan alto da teno ba, alhali nan ne zaɓin da zai shafe ki kowace Asabar. Sarewar nan gida biyu ce. Sofrano da teno, idan aka rufe ramuka duka, C suke bayarwa, teno dai tana ƙasa da sofrano da zango guda cikakke, wato daga C ɗin sama zuwa C ɗin da ke ƙarƙashinsa. Alto da bas, wadda ta fi teno girma da kaurin murya, su kuwa F suke bayarwa. Ma'anar wannan ita ce duk abin da yatsunki suka sani a sofrano zai yi miki aiki a teno ba tare da sabon karatu ba, in ban da F ɗin da Malama ta bayyana. Idan kuwa alto kika ɗauka, inda kika saba ganin G ki rufe ramuka uku na hannun hagu, yanzu wannan rufin C zai ba ki, kuma sai kin yi makonni kafin ido da yatsa su daina gardama.

Saboda haka, idan burinki ki zauna cikin mutane ki riƙe muryarki tun mako mai zuwa, teno ce taki, muddin hannunki ya kai. Wannan sharaɗin ba ƙarami ba ne. Ramukan teno suna da tazara, kuma na ga mata da yawa, har da maza masu gajerun yatsu, sun saye ta sun ajiye saboda ciwon wuyan hannu. Akwai masu maɓalli a ƙasa domin ƙaramin yatsa, akwai masu lanƙwasasshen wuya da ke kawo ramuka kusa da jiki. Kada ki saya sai kin riƙe ta na ɗan lokaci kina busa sautin ƙasa, ki ji ko kafaɗarki ta ɗaga ko hannunki ya ƙage.

Ina da wani dalilin da ya sa nake son sababbi su fara daga tsakiya. Mai sofrano shi ke ɗauke da waƙar da kowa ke ji, kuma yakan saba da sauraron kansa kawai. Mai teno yana zaune tsakanin alto da bas, dole ya buɗe kunne hagu da dama, kuma a wurinsa ne ake gane ko haɗin sauti ya zauna ko bai zauna ba. Na daɗe ina zuwa taron reshen ƙungiyar masu busa rikoda ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1937, kuma ban taɓa ganin an ce masu teno ko bas sun yi yawa ba.

Likita, Bamingam: Allah Ya ƙara girma, Baba, amma a nan ban bi ka ba. Ko ba daɗe ko ba jima sai ta koyi yatsun gidan F, wato na alto, kuma gara ta koya yanzu da ƙwazonta yake sabo. Ban da haka, kusan duk abin da Handel da Telemann, manyan masu tsara kiɗa na ƙarni na 18, suka rubuta wa wannan sarewa domin alto ne. A zamaninsu idan aka ce sarewa a Landan, alto ake nufi.

Baba, Landan: Gaskiya ne, Likita, sai dai ƙungiyarta ba Handel take busawa ba. Raye-rayen da suka girme shi da fiye da shekara 100 suke yi, kuma a can muryoyi huɗu ko biyar ne ke tafiya tare, ba alto ce kaɗai ke busawa ba.

Ɗalibi, Utrecht: Ina neman afuwar manya, ina so in ɗan kare katako, domin kada abin da ya sami Yaya Injiniya ya sa a yanke masa hukunci gaba ɗaya. Laifin na mai sayarwa ne. Roba ba ta shan danshi, shi ya sa bayan ɗan lokaci tururin numfashi ke taruwa a hanyar iska, murya ta toshe ta koma kamar ta mai mura. A sarewar katako, matoshin da ke cikin kai na itacen sida ne, yana tsotse wani ɓangare na danshin, kuma muryar tana da zurfin da roba ba ta kai ba. Na yarda Anti ta fara da roba, amma bayan shekara ɗaya ko biyu, idan abin ya kama ta, ta nemi ta katako daga masu ƙira da aka sani, irin su Moeck ko Mollenhauer na Jamus ko Küng na Suwizalan, ta je inda za a ba ta ta gwada guda uku ko huɗu. A Landan ana yin baje kolin kayan kiɗan dā a kowace Nuwamba, maƙera suna zuwa da kansu.

Sabuwar ta katako ba a busa ta da yawa a farko. Minti 10 zuwa 15 a rana a makon farko, ana ƙarawa a hankali, a goge cikinta a bar ta ta bushe a sarari, nesa da na'urar ɗumama ɗaki da hasken rana. Ana shafa wa cikinta man almon jefi-jefi, amma mai ba ya taɓa matoshi ko hanyar iska, kuma ba a sa yatsa ko tsinke a kan siririn leɓen da ke taga, domin idan ya ɓantare sarewar ta gama aiki. Sannan a kula da lamba: wasu an ƙera su a kan A 415 domin masu bin sautin zamanin Barok, wato zamanin su Handel, suna ƙasa da 440 da rabin mataki, kuma ba za su shiga ƙungiyar unguwa ba komai kyansu.

Injiniya, Manchesta: Ƙanena, duk wannan hidimar da ka lissafa ita ce hujjata. Anti tana aikin dare a asibiti. Roba mai kyau ta fi katako mai araha daidaiton sauti, kuma wannan ba ra'ayina kaɗai ba ne, jagoranmu ma haka yake gaya wa kowane sabon shiga.

Malama, Jos: Toshewar ma tana da magani. A sa kan sarewar a hammata ko a aljihu ya ɗumama kafin a fara, idan kuma ta toshe a rufe taga da tafin yatsa ba tare da dannawa ba a hura da ƙarfi sau ɗaya, ko a zuƙe danshin idan ana tsakiyar kiɗa.

Hajiya, Landan: Ƙanwata, ni rabin tambayarki na biyu zan ɗauka, domin na ga maza sun tsaya a kan roba da katako. Ki fara da raye-rayen Tielman Susato, waɗanda ya buga a Antwerp a 1551. Murya huɗu ne, jimlolinsu gajeru, ana maimaita kowane sashe, kuma layin alto da na teno ba sa yawo da nisa, wani lokaci sautuka biyar ko shida ne kawai daga farko har ƙarshe. Da wuya ki sami ƙungiyar da ba ta da su a jaka. Bayansu sai tarin Michael Praetorius na 1612, wanda ya ƙunshi raye-raye fiye da 300, yawancinsu na fadar Faransa. Na Anthony Holborne na 1599 murya biyar ne, sun fi waɗancan daɗi a kunnena, amma ki jinkirta su, domin a cikinsu kowace murya tana shiga a lokacinta, wanda bai iya ƙirga ba zai ɓace tun layi na biyu. Duk waɗannan suna nan kyauta a shafin IMSLP, wata taskar takardun kiɗa a intanet, amma ki fara tambayar jagorarku bugun littafin da suke amfani da shi, don kada lambobin layukanku su saɓa.

Abin da ke kayar da sabon shiga ba wuyar yatsu ba ne, ƙirga ne, musamman inda aka rubuta masa ya yi shiru. A gida mutum yakan tsallake wurin shirun domin babu wanda yake jira, sai ya zo cikin mutane ya shigo kafin lokacinsa. Ki riƙa ƙirga shi da ƙafa ko a zuci kamar yadda kike ƙirga sauti. Ki tafi da fensir, ki sa alama inda za ki ja numfashi da inda jagora ta ce a sassauta. Idan kin ɓace kada ki tsaya kina neman gafara, ki ajiye sarewar a leɓe, ki bi layin da ido, ki shiga a farkon sashe na gaba. Kowa a wurin ya taɓa ɓacewa.

Wani abu kuma da ba a faɗa miki ba: wannan sarewa ba ta son ƙarfi. Idan kika ƙara iska sauti zai hau sama, idan kika rage zai sauka, saboda haka iska madaidaiciya ake so, mai ɗumi, musamman a sautukan ƙasa. A ƙarshen kowane sashe, inda kowa ya riƙe dogon sauti, ki saurari bas ki jingina da shi. Ni a tamu ƙungiyar na gaya musu tun ranar farko cewa ina fita salla idan an tashi shan shayi, suka nuna mini wani ɗaki a gefe, kuma ba a taɓa samun matsala ba. Wasu ƙungiyoyin a zauren coci suke haɗuwa saboda arahar haya, wasu kuma suna busa waƙoƙin ibadar Kirista na wancan zamani ba tare da kalmomi ba, don haka yana da kyau mutum ya tambaya tun farko ya san abin da ya dace da shi.

Anti Nas, Lids: Allah Ya saka da alheri, Yaya Hajiya. Sunan Susato yana kan takardun da aka ba ni, ashe ban san abin da ke hannuna ba.

Ɗan Auta, Shafil: Iyayena, ina da tambaya, ku yi mini haƙuri idan ta fita daga layi. Makiyayan da na sani a gida suna busa sarewarsu ba takarda ba fensir, kuma babu wanda zai ce ba su iya ba. Me ya sa a nan sai an ɗaure mutum da rubutu kafin a ce ya shiga ƙungiya? Ni da kunne nake kama waƙa, kuma rubutun ne ya hana ni shiga tamu ta nan.

Baba, Landan: Tambayarka tana kan layi, ɗana. Makiyayi shi kaɗai yake busa, waƙarsa layi ɗaya ce, yana da ikon ja da sassautawa yadda ransa ya so. A nan mutum huɗu ko biyar ne, kowa da layinsa daban, kuma wanda ya tsara kiɗan ya auna inda za su haɗu da inda za su rabu. Layin teno shi kaɗai sau da yawa ba ya kama da waƙa, ba zai zauna a ka da sauƙi ba, sai an haɗa shi da sauran ma'anarsa ke fitowa. Rubutun domin wannan ne.

Amma kada ka ɗauka kunnenka ba shi da daraja a wurinsu. Mabusan wancan zamani ba sa maimaita sashe yadda yake a takarda, suna yi masa ado daga kansu, kuma Silvestro Ganassi ya buga littafi a Venis a 1535 yana koyar da wannan ado da yadda ake sarrafa harshe. Mai kunne irin naka shi ya fi saurin kama wannan fanni. Akwai ma wata fa'ida da mu Hausawa muke da ita. Jacques Hotteterre, a littafinsa na 1707, ya koyar da a riƙa furta tu da ru a jere domin sautuka su fito ɗaya da nauyi ɗaya da sauƙi. Turawan Ingila suna wahala da wannan ru ɗin domin harshensu ba ya bugun dasashi a wurin, mu kuwa da shi muka tashi. Ka koyi rubutun a hankali, layuka biyar ne da alamomin tsawon sauti, bai kai wuyar da kake tsammani ba.

Ɗalibi, Utrecht: Ƙari a kan maganar Baba, mutumin da aka fi tunawa da shi a garin nan a wannan fanni makaho ne. Jacob van Eyck, wanda ya rasu a 1657, shi ne mai kula da ƙararrawar hasumiyar birnin, kuma da yamma yakan busa sarewa ga masu shan iska a harabar wata coci, har aka ƙara masa albashi saboda haka. Yakan ɗauki waƙar da kowa ya sani ya busa ta a sauƙaƙe, sannan ya maimaita yana ƙara mata ado har ta koma gudu. Wasu ne suka rubuta abin da yake busawa, aka buga waƙoƙi kusan 140 a Amsterdam a shekarun 1640. Domin sofrano aka yi su, saboda haka mai teno ma zai iya, kuma sashen farko na kowace waƙa bai fi ƙarfin sabon shiga ba.

Ɗan Auta, Shafil: Na gode, Baba. Akwai kuma wani abin busa da na gani a wani wasan masu kiɗan Turai na dā, dogo mai faɗin baki, da na ji shi sai na tuna algaitar fada ranar hawan salla. Shin danginta ne?

Ɗalibi, Utrecht: Danginta ne. Shom suke kiransa, kuma shi da algaita da gaitar Maroko duk harshe biyu na kara ne ke kaɗawa a bakinsu, ba kamar rikoda ba wadda iska ce kawai ke tsagewa a kan leɓen taga. A zane-zanen littafin waƙoƙin Sarki Alfonso na 10 na Kastil, na ƙarni na 13, ana ganin masu busa irin waɗannan, har da inda Musulmi da Kirista suke kiɗa tare.

Injiniya, Manchesta: Dangi ne, amma kada wani ya kai shi ɗakin laburare. Su kansu Turawan dā sun raba kayan kiɗansu gida biyu, masu ƙara na fili da hasumiya, da masu taushi na cikin ɗaki. Shom na gidan farko ne, sarewarmu ta na biyu, kuma guda ɗaya zai danne teno goma.

Likita, Bamingam: Taushin ne ma ya kashe mata kasuwa a tsakiyar ƙarni na 18, da ƙungiyoyin kiɗa suka girma aka koma ga sarewar da ake riƙewa a gicciye. Sai da maƙerin kayan kiɗa Arnold Dolmetsch ya ƙera sabuwa a 1919, bayan ɗansa ya manta tsohuwar tasu a tashar jirgin ƙasa ta Waterloo da ke Landan, sannan ta fara dawowa. Shi ma alto ya fara ƙerawa, Baba.

Baba, Landan: Alto ya ɓatar, Likita, dole alto ya maye. Bayan 'yan shekaru ai sai da ya ƙera sauran domin a busa tare.

Shugaban zaure: Jama'a, an yi nisa. Anti, ko kin sami abin da kike nema, ko akwai sauran bayani?

Anti Nas, Lids: Na samu, ranka ya daɗe, kuma na gode wa kowa. Roba zan saya, mai harafin B, wannan kam babu saɓani a kansa. Tsakanin alto da teno kuwa, na yi magana da jagorarmu, ta ce ƙungiya tana da na aro guda biyu a kabad, za ta ba ni duka in tafi da su gida in gwada, in ga ko yatsuna za su kai ramukan teno. Idan sun kai zan bi shawarar Baba a wannan shekara, in ƙara alto daga baya kamar yadda Likita ya ce. Ɗan Auta, idan kana so mu riƙa koyon karatun tare ta waya, ni ma ban yi nisa ba.

Likita, Bamingam: Ki wanke na aron da ruwan ɗumi da sabulu kafin ki kai baki, ki shafa ɗan man mahaɗa don kada su cije.

Ɗan Auta, Shafil: Ina so ƙwarai, Anti. Ranakun Lahadi da yamma ba ni da aiki.

Malama, Jos: Tun da an zo nan, ina da roƙo. Ɗalibaina manya sun gaji da busa layi ɗaya su duka, kuma ina so in gwada raye-rayen Susato da su, amma alto da teno masu tsarin Barok suna da wuyar samu a nan. Idan akwai mai zuwa gida a watan Disamba, zan turo kuɗin alto biyu da teno ɗaya na roba.

Hajiya, Landan: Ina da niyyar zuwa, Malama, ta Abuja zan sauka. Ki turo mini sunan samfurin da kike so, kuma ki faɗa mini ko teno mai maɓalli ce ko marar maɓalli, domin hannun yara ne.

Malama, Jos: Mai maɓalli, Hajiya. Wanda zai riƙe ta shekararsa 13, kuma yatsunsa ba su da tsawo.